A Zo a Kaɗa Mini Jitar Malam

Shekara tara ke nan da rasuwar maigidana, wanda mutanen ƙauyenmu a nan bayan Makoda suke kira Mai Jita. Ni ban yi boko ba. Autata Hajara ce ke rubutawa ina faɗa, in kuka ya zo mu dakata. Tun shigowar daminar nan na kasa zama wuri ɗaya. In fita tsakar gida, in koma ɗaki, in tsaya ina kallon jitarsa a rataye.

Gyaran rediyo ne sana'arsa. Ran kasuwa yana Bici, sauran kwanaki yana gona. Jitar ta lantarki ce, wani direba ya bar masa ita. Da ita yake zuwa gayya, idan maza suka taru su yi wa mutum ɗaya noma. A ɗora batirin mota da lasifika a amalanke, ya zauna gindin ɗorawa yana kaɗawa. Amma abu ɗaya ya hana shi sakat: muryar jitar a dushe take, kamar mai mura. Da masu ganga sun saki hannu sai su danne ta, waɗanda suka kai ƙarshen kunya ba sa jin komai.

Wata rana da hantsi na fito daga madafi na tarar ya kwance cikin jitar a kan tabarma, kusa da ita ga rediyona, shi ma a buɗe. Na ce, "Malam, me rediyona ya yi maka?" Ya ce, "Aro ne, Tabawa. Zo ki riƙe min wayar nan, hannunki ya fi nawa natsuwa." Ya nuna min wani ɗan abu kamar ƙwayar wake, mai ƙafa biyu, a bayan abin murɗa muryar jitar. Ya ce shi ke shanye kaifin muryar ya bar kaurin, in aka sa ƙarami za ta washe. Ƙaramin kuwa sai a cikin rediyona. Ya tura ƙarfe cikin garwashin girkina, ya narka dalma ya liƙe. Sau uku yana cirewa yana mayarwa. Ya kaɗa, ya karkata kai, ya ce da saura. Ranar sai bayan la'asar muka ci abincin rana. Rediyon bai ƙara magana ba.

A gayyar da ta biyo baya ina surfe na ji muryar jitar, daga gonar da ke ƙetaren rafi, tar kamar a ƙofar gida. Na ajiye taɓarya na tsaya. Da ya dawo ya tambaye ni ko ta iso, na ce ni ban ji komai ba, don ina fushin rediyona. Har ya rasu ban gyara maganar ba. Wannan ne ke cina.

Yanzu gayya ta ja baya. Matasa na noma da abu toshe a kunne, kowa da waƙarsa a waya. Da Malam na raye, ban san me zai ce ba. Ina jin dai zai karɓi wayar ya juya ta, yana neman ta inda zai kwance.

Kunnena kuma yana tafiya. Likita ya ce siririyar murya ce ke fara ɓacewa, kuma haka ne, na daina jin kukan 'yan tsaki. Bara ɗana Sani ya kai jitar Kano. Mai gyara ya buɗe ya yi dariya, ya ce wa ya yi wannan jagwalgwalo, a bari ya zuba sababbin kaya. Da Sani ya kira ni na ce, "Rufe ta ka dawo da ita yau. Jagwalgwalon nan da hannun uwarka a ciki."

An raba gonaki, an bayar da rigunansa sadaka. Abin da ya rage na aikin hannunsa yana cikin katakon nan, kuma ba wanda ya iya kaɗa ta a garinmu. Shi ya sa nake roƙon masu karatu: wanda ya iya, ya zo kafin kaka, don ban san ko kunnen zai kai baɗi ba. Kada ya zo da sukudireba. Ya tafi da ita ƙetaren rafi ya kaɗa, ni zan tsaya a gida. In na ji, zan faɗa da ƙarfi, maƙwabta su shaida.

Allah ya jiƙan Malam, ya yafe mini.