Akwatin da Na Haɗa wa Baba

Abubuwa da yawa sun faru da ni sun wuce, wasu ko an tuna min sai na yi ta lalube, amma bazarar da na haɗa wa babanmu akwatin wasa ba za ta taɓa fita daga raina ba. Har yau in na ji ƙarar 'yar fanka a cikin kwamfuta, falonmu na Makera nake gani.

Babanmu tsohon ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri. Lokacin da injuna ke juyawa, muna yara, ya taɓa sayo mana na'urar wasan talabijin ta gwanjo, wai don mu. Don kansa ya saya. Da ya dawo daga aiki sai ya kore mu karatu, ya baje a tabarma yana harbo jiragen sama, Mama tana yi masa tsiya cewa ta haifi huɗu amma biyar take raino. Na'urar ta mutu tun da daɗewa, masaƙar ma ta rufe, muka girma muka watse.

Sai ga shi da tsufa shanyewar ɓarin jiki ta kama shi. Allah ya taimaka ƙafar ta dawo, bakin ma ya daidaita, amma hannun dama ya ƙi. Likitan da ke gasa masa jiki ya faɗa mana ba ɓoye-ɓoye: in ana motsa hannun kullum zai iya dawowa, in aka bar shi zai ƙage, kuma ba a da lokaci mai yawa. Ya ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Baba ya dubi ƙwallon, ya dube mu, ya tura shi ƙarƙashin gado da ƙafa ya ce shi ba jariri ba ne.

Ni gyaran kwamfuta nake yi, ina aure a Unguwar Mu'azu, kuma taurin kai a wajensa na gada. Na ce tunda ya raina ƙwallo, bari na kawo abin da ba zai iya rainawa ba. Na samo wata ƙaramar kwamfuta da ba ta fi tafin hannu ba, na zuba mata tsofaffin wasanni a katin memori, har da na jiragen nan. Wani kafinta a layinmu ya yi min akwatin katako kamar girman tsohuwar rediyo, na sa masa sandar juyawa mai jan kai da manyan maɓallai, yadda yatsun da ba su da ƙarfi za su iya dannawa. Na huda ramukan shan iska a sama da baya, domin irin wannan kwamfutar ba ta son zafi ko kaɗan.

Ranar da na kai, Baba ya yi kamar bai gani ba. Na jona da talabijin, na kunna. Da kiɗan wasan ya tashi sai na ga kunnensa ya motsa kafin kansa ya juyo.

"Ke, wannan ba shi ne na da ba?"

"Shi ne, Baba. Amma da hannun dama ake yi. Haka aka ƙera shi."

Ya harare ni don ya san ƙarya nake. Duk da haka ya sa hannun hagu ya ɗago na daman, ya ɗora a kan sandar kamar mai ajiye ƙwai. Jirgin ya karkata, ya faɗi. Ya sake. Mama ta tsaya a ƙofar kicin tana share ido da bakin zane. Na koma gida ranar ina jin kaina kamar na ƙera jirgin gaske.

Murnar ba ta daɗe ba. Bayan 'yan kwanaki Mama ta kira ni: "Abinki ya tsaya." Ana cikin wasa sai hoton ya sandare, jirgin ya maƙale a sama, sautin ya riƙa nanata abu ɗaya har sai an zare waya. Na shiga keke na je, na kunna, ya yi aiki lafiya lau. Na zauna Baba ya yi wasa a gabana har aka kawo abinci, ko tari akwatin bai yi ba. Na tafi, washegari aka sake kira.

Na fara da abin da kowane mai gyara zai fara zargi, wato wuta. Na ce cajar ce ba ta ba shi isasshen ƙarfi, na sayo mai kyau. Ya sake tsayawa. Na ce katin ne ya lalace, na sayo sabo na sake zuba komai daga farko. Ya sake tsayawa. Na tambayi Mama ko akwatin yana ɗumi in ya tsaya, ta ce kamar burodin da aka fitar yanzu. Na ce yawwa, zafi ne, ga bazara ga rufin kwano. Na manna wa kwamfutar ɗan ƙarfen nan mai haƙora da ke janye zafi, na shafa farin mansa a tsakani, na ƙara 'yar fanka a baya. Na kai shi gidana na bar shi a kunne wuni guda a ɗakin da ko taga ban buɗe ba, bai tsaya ba. Mijina har ya fara roƙon a bar masa shi. Na mayar Makera ina taƙama. Abin da ya ɗaure min kai, da fankar sai ya ƙara saurin tsayawa.

Duk zuwan da na yi sai na tambaya: an taɓa wani abu? An canza masa wuri? An zuba masa ruwa? Su ce a'a. Kuma gaskiya suke faɗa, iyakar yadda suka fahimci tambayar.

Da farko Baba da raha ya ɗauki abin. Yakan ce akwatin kunyata yake ji, shi ya sa ba ya iskanci a gabana. Amma wata ranar Lahadi bayan an tashi daga coci, na je na tarar ya juya kujerarsa tana kallon taga. Na ce mu gwada. Ya girgiza kai.

"Ki daina wahalar da kanki. Ba akwatin ba ne."

"To mene ne, Baba?"

"Hannun ne. A gidanki yana yi, a hannun mijinki yana yi. In kina kusa ina kula, shi ya sa. In ba kya nan hannun ya fara rawa, sai na danna abin da bai kamata ba, na kashe shi. Na yi shekaru a kan inji, na san in mai aiki ya ƙare. Ki kai wa jikokina."

Na yi masa bayani iya bayani cewa babu maɓallin da zai iya sandarar da shi. Ya saurare ni da irin haƙurin da ake yi wa mai ta'aziyya. Nan na ga abin da na kawo don ya tashe shi shi ne yake gaya masa kullum cewa ya gama. Na dubi hannun a kan cinyarsa, yatsun sun fara lanƙwashewa ciki kamar yadda likita ya ce za su yi. Tsoro na ji ranar, tsoro sosai.

Na ɗauke akwatin na kwance shi ɗaya bayan ɗaya a teburina. Komai daidai. Ina shirin rufewa sai na ga wani siririn zare shuɗi ya naɗe a gindin fankar. Na jawo shi da tsinke. Ba gashi ba ne, ba yanar gizo ba ce, zaren atamfa ne. Ni ban sa atamfa kusa da shi ba. Na mayar da akwatin Makera ban ce komai ba, na bari aka kwana biyu.

Da ma kullum sai na kira Mama kafin na zo, don ta san yawan tuwon da za ta tuƙa. Wannan karon ban kira ba. Da rana tsaka na yi sallama na ɗaga labule, sai na tsaya a bakin ƙofa.

Akwatin yana sanye da riga. Riga ta gaske, ɗinkakkiya, ta shuɗiyar atamfa, an yi mata leshi a baki, ta rufe shi ruf daga sama har teburi. An yanka wa sandar da maɓallan ƙofofinsu daidai wa daida, an daje bakin kowace da zare. A saman, daidai kan ramukan da na huda, an ɗora tulun furen roba. Kuma me zai ba ni mamaki? A gidanmu talabijin na da rigarsa, rediyo na da tasa, keken ɗinki na da tasa, har firji an yafa masa. Duk abin da ke da daraja a wajen Mama ba ya zama tsirara. Na girma ina ganin haka har na daina gani. Ga amsar fankar kuma: da na sa ta, sai ta riƙa zuƙo atamfar tana manna ta a ramukan baya, ta toshe ɗan abin da ya rage.

Mama ta fito ta gan ni, ta yi sauri za ta cire.

"Ba ki ce za ki zo ba! Bari na ɗauke, kar ki sa min baƙin hannun nan naki."

Ashe shi ya sa ban taɓa ganinta ba. Da na kira sai ta cire ta ninke, saboda na zo aiki da man shafawa da sukudireba.

Na riƙe hannunta na ce, "Mama, don Allah bar ta. Kar ki taɓa."

Na ja kujera na zauna, na kunna akwatin da rigarsa da furensa, na ce Baba ya juyo ya ga yadda ake wasa, tunda shi ya yi ritaya. Wannan ta sa ya juyo. Na yi ta harbi, yana gyara min, yana cewa ban iya kauce wa harsashi ba tun ina yarinya. Ina wasan ina addu'ar da ban taɓa yi wa inji ba, wato Allah ya sa ya lalace. Can sai hoton ya tsaya cak. Jirgina ya maƙale a sama, sautin ya kama nanatawa.

Na ɗaga hannuwana biyu na nuna masa.

"Baba, ga nawa hannun. Rawa yake yi?"

Ya zuba wa hoton ido. Na kama hannunsa na dama, na cusa a ƙarƙashin atamfar, na ɗora a bayan akwatin. Ya janye da sauri, da kansa, saboda zafi. Ya dubi hannun, ya dubi rigar, ya dubi Mama. Sai ya fashe da dariya, irin wadda ban ji ba tun kafin ciwon, har yana tari.

"Mamansu, ashe ke kika shaƙe min jirgi!"

Mama ba ta yi dariya ba. Ta zauna a hannun kujera, murya ƙasa-ƙasa ta ce ita ba ta sani ba. Ta ce abin da 'yarta ta haɗa da hannunta don babanta ba zai zauna haka kamar akwatin tumatir ba. Shi ya sa ta ciro wannan atamfar daga ƙasan adaka, wadda Baba ya kawo gida a satinsa na ƙarshe a masaƙa, ta ƙi ɗinka ta duk shekarun nan. Bayanin da na shirya kan iska da zafi ya gudu.

Na ce a cire rigar in za a yi wasa, a mayar in an gama. Baba ya ce a'a, rigar ba ta zuwa ko'ina, a buɗe mata tagogi kawai. Mama ta ɗauko almakashi da guntun tsohon gidan sauro. Na zana mata inda ramukan suke da alli. Ta ce tana son mai riƙe mata bakin ƙyallen ya miƙe, na miƙa hannu, Baba ya ture ni. Ya kama gefen atamfar da yatsun hannun dama, suna rawa, amma bai saki ba har ta gama yankawa. Ta ɗinke tagogin da raga, furen ya koma kan firji. Ranar akwatin ya yi aiki da rigarsa har Mama ta kore mu cin abinci.

Hannun bai dawo duka ba, ba zan ƙara gishiri ba. Amma kafin damina ta yi nisa yana cin tuwo da shi, yana riƙe littafin waƙa a coci, kuma ya wuce ni a wasan jiragen da tazarar da har yanzu yake yi min gori a gaban yarana. Akwatin na nan a Makera cikin shuɗiyar rigarsa mai tagogi.

Abin da na koya shi ne, in abu yana aiki a wajenka yana ƙi a wajen mai shi, kada ka tsaya a cikin injin, ka je ka ga yadda yake zaune a gidan in ba ka nan. Kuma in wanda kake ƙauna ya yanke cewa shi ne ya lalace, bayani ba ya isarsa. Sai ka zauna a kujerarsa, abin ya tsaya a naka hannun, yana gani da idonsa.