Dawar Talatu

Shekara goma sha ɗaya injin niƙan Ozioma ya yi yana ruri a bakin hanyar Rikoto. Da ƙuruciyarta ta zo Zuru daga ƙasar Ibo, ta biyo mijinta Kenechukwu mai sayar da kayan gyaran babur. Garin dawa ya riga furfura sauka a kanta. Madam ake kiranta. Ba ta da yawan dariya, ba ta taɓa garin kowa, ran Lahadi kuma wurin zamanta a coci yana gaba, gindin fanka.

Da daminar 2004 Talatu, wata 'yar unguwar, ta dawo daga Wasagu da 'ya'ya uku, babu miji. Cutar ƙanjamau ce ta kashe shi, unguwa duk ta sani. Ita ma ta rame har zani yana zagaye ta sau biyu, taɓarya ta fi ƙarfinta. In ba a niƙa mata dawa ba, yaran ba su ga tuwo ba. Masu inji biyu sun riga sun kore ta.

Da ta ajiye ƙwaryarta a layin Ozioma, sai kwanoni suka yi ta ja da baya, ƙasa tana ƙara a ƙarƙashinsu.

Rabi mai waina ce ta fara. "Madam, kin san inji ba ya fitar da gari duka. Ragowar ta gaba a kwanon ta baya yake sauka. Nata za mu ci?"

"Ciwon ba ya bin gari, Hajiya. A asibiti sun faɗa."

"To 'yan asibitin su zo su sayi wainar!"

Matar Mika, shugabar zumuntar matan cocinsu, ta matso tana gyara ɗankwali. "'Yar'uwa, kowace Alhamis muna sa ta a addu'a, ya isa. Ke baƙuwa ce. Gobe ki ɗaure kayanki ki koma garinku, mu ki bar mu da haƙa kabari."

Ozioma ta dubi hannun Talatu, duk ƙuraje har wuyan hannu, da shi ta wanke dawar. Ta kau da ido. Maganar asibiti a bakinta take, ba ta kai zuci ba. Talatu ta sunkuya za ta ɗauke ƙwaryar, ƙwaryar ta ƙi tashi.

"Bari, ƙanwata," in ji Ozioma. Ta ɗauka, ta juye a bakin inji.

Kafin garin ya gama zuba, layi ya watse. Wata ta tofa yawu a bakin rumfar.

Sati biyu babu kwano ko ɗaya sai ƙwaryar Talatu. Aka raɗa wa wurin suna injin mutuwa. A coci benci ya yi mata faɗi, hagu da dama ba kowa. Kenechukwu bai yi dogon faɗa ba.

"Ba asibiti muka zo buɗewa a garin mutane ba," ya ce.

Ran kasuwa wani mutumin Dirin Daji ya zo da a-kori-kura, aka kwance injin aka ɗora. Ozioma tana tsaye, Kenechukwu ya karɓi kuɗin cinikin.

Washegari da hantsi ta shiga gidan Talatu ta tayar da turmin da ke kife. Tun zuwanta Zuru ba ta taɓa daka ba. Taɓarya ta riƙa kauce mata, dawa tana tsalle, maƙwabta suna leƙe ta kan danga suna shewa.

"Madam ta zama baiwa!"

Ba ta ɗaga kai ba. Tafin hannunta ya yi bororo, ya fashe, ta naɗe da tsumma. Talatu na kwance a tabarma tana koya mata da 'yar murya: "Tsakiya, Yaya. Ki daka tsakiya."

Garin ya fito da tsaki, tuwon da gudaji. Yaran uku suka zauna a ƙasa suka cinye, har ƙanzo.