Yaya Ba Ta Zubar da Dusa

In ka tambayi Innarmu aikin da babbar 'yarta take yi a asibiti, za ta ce maka, "Tankaɗe take yi." Mutane sukan yi dariya, su ɗauka tsufa ne ya fara taɓa ta. Ni kuwa da na shiga ɗakin aikin na gani da idona, ban samo kalmar da ta fi ta Inna dacewa ba.

Yaya ba likita ba ce, kuma in kana son ganin ɓacin ranta, ka kira ta haka. Lissafi da kwamfuta ta karanta. Ɗakinta yana can ƙarshen baranda, bayan sashen ɗaukar hoto, ba taga, ba hayaniya, sai manyan alluna biyu a kan tebur, da kujera mai taya da take kuka in an juya ta, da wata tsohuwar rigar sanyi mai launin toka da ke rataye a bayan ƙofa. Ɗakin sanyi ne da shi kamar cikin firji, kuma ni ne shaida, domin gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki sana'ata ce, kuma ni ake kira in tasu ta yi gardama.

Ga yadda ta bayyana mini aikin, ranar da na matsa mata ina kan tsani ina wanke ragar na'urar. Hoton ciki, wanda ake shafa wa mace mai a goga mata ɗan ƙarfen nan, da sauti ake ɗaukarsa. Sautin yana shiga jiki, ya bugi abin da ya tarar, ya dawo. Amma ba ya dawowa shi kaɗai, sai ya taho da tarkace, hoton ya fito da ɗige-ɗige kamar an watsa masa yashi. Haka ma babbar na'urar nan mai rami da ake tura mutum ciki, wadda take ƙara kamar ana ƙira, nata hoton yana zuwa da nasa yashin, musamman in mara lafiya ya kasa kwanciya tsit aka yi sauri. Aikin Yaya shi ne ta rage yashin, likita ya ga abin da yake nema ba tare da ya matse ido ba.

Na ce, "Shi ke nan? Ai ni ma zan iya. Danna maɓalli ne kawai."

Ta ce, "Sauko daga tsanin nan kafin ka faɗo mini a kan allo, Auta."

Da na sauko sai ta nuna mini. A allon hagu hoto ne ɗanye, yadda na'ura ta kawo shi. A na dama kuma wanda ta tace, sumul. Daga nan ta buɗe hoto na uku, wanda ba kowa ke waiwayarsa ba: abin da tacewar ta cire, shi kaɗai. Shi take kira dusa. Ta ce in dusar ta fito yashi zalla, ba siffar komai, to an yi daidai. Amma in ka hango layi a ciki, ko gefen wani abu, ko ɗan zagaye, to rariyarka ta cinye gari, sai ka koma baya ka sassauta. Ba ta taɓa miƙa hoto ba tare da ta duba dusarsa ba, ko da likitan yana tsaye a kanta yana kallon agogo.

Ban yi mamaki ba, domin tun muna yara haka take. In Inna ta ba mu tsintar shinkafa, mu sai mu watsar da tsakuwa ta bayan kafaɗa mu gudu wasa. Yaya kuwa a murfin kwano take tara tata, in ta gama ta sake bin murfin da yatsa, ta ceto ƙwayoyin da suka bi tsakuwa. Mun sha yi mata tsiya, har ƙanen Inna ya ce wannan yarinya ko kaji ba za su ƙaru da ita ba. Mijinta, malamin makaranta ne mai son raha, ya ce tun da ya aure ta bai ƙara yar da takarda ba tare da ya juya bayanta ba. 'Yan uwa kuma sun gaji da kai mata hotunan asibiti, don amsarta ɗaya ce: "Ni share gilashi nake yi, mai leƙawa daban. Ku kai wa likita." Har gobe akwai gwaggonmu da take ganin girman kai ne.

Ni kaina sai da muka yi sa'insa da ita a kan wannan hali, kuma a kan abin da ya fi komai yi mini ciwo.

Matata ta yi ɓari da cikinmu na fari, ya riga ya tsufa, har mun fara sayen 'yan kaya. Namiji ne. Ita tana ɗakin tiyata ba ta san inda kanta yake ba, ni ina bakin ƙofa na kasa ɗaga ƙafa, manya suka ɗauke shi suka yi abin da ya kamata. Ba wanda ya gan shi a cikinmu. Da ta warware ta dawo gida, ba ta yi ta kuka ba kamar yadda aka zata. Tana girki, tana shara, tana amsa gaisuwa. Abu ɗaya ne: akwai 'yar takardar hoton cikin da aka ba ta a awonta na ƙarshe, tana cikin aljihun jakarta, kuma kullum in na dawo daga shago nakan same ta a bakin gado ta ƙura mata ido. Ba a ganin komai a ciki sai zagayen kai da duhu a inda fuska take. Ga shi irin takardar nan ce mai santsi da take koɗewa. Ina kallo baƙin yana komawa ruwan ƙasa, wata na bin wata.

Wata rana ta ce mini, ba tare da ta ɗago ba, "Ko hancinsa ban sani ba. In takardar nan ta goge, me zan ce na haifa?"

Washegari na tafi wurin Yaya da takardar a aljihun gaba. Na ajiye mata a kan tebur na ce ta fito mana da fuskarsa. Ta ɗauka ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Auta, babu fuska a nan."

"Ai shi ya sa na kawo miki. Ba aikinki ke nan ba?"

"Aikina in cire abin da ya rufe abu. Abin da na'ura ba ta gani ba, ba ni da inda zan samo shi."

"To ki ƙirƙira mana! Wa zai sani? Ke dai ki sa mata hanci da baki ta samu abin riƙewa."

Ta ce, "Ita za ta sani."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na gaya mata ta fi tausayin kwamfuta a kan mutane, na fizgi takardar na fita, ko ƙofar ban ja mata ba, sanyin ya bi ni har baranda. Daga nan na zarce shagon wani mai gyaran waya da ke layinmu, wanda na san yana da manhajar gyara hotuna. Kafin in gama shan ruwan da ya ba ni ya fito mini da jariri: kumatu, dogon hanci, har da gashin ido. Na kai wa matata ina jin na yi abin kai. Ta karɓi wayar ta duba, ta yi murmushin da ake yi wa ɗan maƙwabta, ta miƙo mini.

"Kyakkyawa ne," in ji ta. "Allah ya raya wa masu shi."

Ban sake tayar da maganar ba, kuma ban kira Yaya ba, ita ma ba ta kira ni ba. Ashe ta kira matata. Ta nemi izininta ta je ma'ajiyar asibiti ta nemo ainihin abin da aka ɗauka ranar awon, domin na'urar ba takarda kaɗai take fitarwa ba, tana ajiye ɗan gajeren hoto mai motsi. Duk wannan ban sani ba sai ranar da matata ta ce in rufe shago da wuri, Yaya tana jiranmu.

Da la'asar muka isa, an sallami marasa lafiya, mai shara tana goge baranda. Yaya ta ciro rigar sanyinta ta yafa wa matata, ta ba ta kujera mai kukan, ni kuma ta bar ni a tsaye, na san kuma da gangan ne.

Ta ce, "Ƙanwata, tun kafin in buɗe, bari in gaya miki gaskiya. Ban samo fuskarsa ba, kuma ba za a samo ba. Amma na gano dalili, shi nake so ki gani."

Ta buɗe allon dama. Hoton ne yadda na'ura ta tace shi da kanta ranar, irin wanda aka buga a takarda: kai, da duhu. Sai ta buɗe dusarsa. Ni yashi kawai na gani. Ta sa bayan biro ta zagaye wani wuri a gaban goshin, ta ce mu duba da kyau. A hankali idona ya kama su, 'yan gajerun layuka a jere, kusa da juna, kamar haƙoran mataji.

"Na'ura ta ɗauka yashi ne, ta share," in ji Yaya. "Ƙanana ne, ga shi yana motsi. Sai na koma ɗanyen, na bi shi hoto bayan hoto, na tsinci waɗanda ya tsaya cak a cikinsu, na jera su a kan juna. Yashi ba ya faɗawa wuri ɗaya sau biyu, amma abin da yake na gaske yana nan inda yake."

Sannan ta buɗe nata. Ba sumul yake ba, ta bar masa yashinsa da dama, ko kusa bai kai na mai waya kyau ba. Amma ga shi nan ƙarara: ɗan hannu, an ɗaga shi an ɗora a kan goshi, yatsun a buɗe, damtsen ya gitta ta kan idanu. Yaya ta ce ƙashin hannun ne ya tare sautin, shi ya sa bayansa ya zama duhu. Ba na'ura ce ta gaza ba, shi ne ya rufe fuskarsa.

Matata ta matso da kujera har hancinta ya kusa taɓa allo. Can sai na ji ta yi wani sauti, na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce ta kufce mata. Ta juyo ta nuna ni da yatsa.

"Yaya, haka yake barci! Wallahi haka yake barci!"

Yaya ta ce, "Ni za ki gaya wa? Ni na goye shi. Tun yana tsumma Inna take sauke masa hannun nan, yana mayarwa."

Na ce ni ban san wannan zance ba, sharri ne. Ba wadda ta saurare ni. Dariyar matata ta juye ta zama kukan da ta riƙe tun daga asibiti, Yaya ta rungume ta, rigar sanyin ta zame ƙasa. Ni ma na juya na fuskanci bango, na yi kamar ina duba wayar na'ura, amma na yi kuka, kuma ban ji kunya ba. A ranar na fara jin cewa ɗa na rasa, ba ciki ba, ɗa mai hali irin nawa.

Da za mu tafi Yaya ta ba mu hoton a takarda mai kauri wadda ba ta koɗewa. Na tsaya a bakin ƙofa ina neman abin da zan ce mata, ta riga ni: "Ja mini ƙofar wannan karon, sanyi yana fita." Ta koma kan kujerarta, akwai hoton kan wani dattijo da likita yake jira da safe, kuma ba ta duba dusarsa ba tukuna.

Har yanzu tana can a ɗakin nan mara taga. Gilashin idonta ya ƙara kauri, an kawo sababbin manhajoji masu sauri, tana amfani da su, tana kuma bin bayansu da bayan biro. Inna tana nan tana gaya wa mutane tankaɗe 'yarta take yi.

Hoton yana jikin madubin ɗakinmu. Kwanakin baya na kishingiɗa bayan azahar barci ya ɗauke ni, da na farka sai na ji nauyin hannuna a kan goshi, na hango matata ta ƙarƙashin damtsena, tana zaune a bakin gado da kayan ninki a cinya, ba ta ninka ko ɗaya ba. Na yunƙura zan tashi.

Ta ce, "Tsaya. Kada ka sauke hannun tukuna."