Surukina a Layin Fitsari

Likita na so zama, jarrabawa ta ce ba ta san zancen ba. Da na gaji da bugawa da ita, sai wani kawuna ya samo mini aiki a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, a bayan wata 'yar taga. In miƙa wa mutum kwalba, in nuna masa banɗaki, ya dawo da abin da ya samu, in manna suna in tura wa masu duba na'ura a ciki. Abokan aiki Mai Taga suke ce mini. A unguwa kuwa, albarkacin farar riga, Dokta ne ni, kuma ban taɓa yi wa kowa gyara ba.

Lokacin da nake neman aure, mahaifin yarinyar, tsohon direban babbar mota mai kaushin murya, ya tambaye ni sana'ata. Na gyara zama na ce, "Baba, bincike muke yi. Sai abin da muka faɗa likitoci suke aiki da shi." Ba ƙarya na yi ba, "mu" ɗin ce dai ta yi mini yawa.

Wata safiya layi ya kai har matakala. Kaina a sunkuye ina ta ƙwala kira, "Na gaba! Fitsari ko bayan gida?" Ina ɗagowa sai ga Baba, da kwalba naɗe a hankici, ya riƙe ta kamar ƙwai.

Ya ce, "Dokta, ashe nan ne ofishin?"

Na ce, "Nan ne, Baba. Ina wuni?" Ko hantsi bai yi ba.

Na warware hankicin, na ga abin da ya kawo ko gindin kwalbar bai rufe ba. Na ce, "Baba, sai dai a ƙaro."

Ya koma benci yana ɗirkar ruwa, idonsa a kaina. Ana haka wata tsohuwa mai rawar hannu ta kifar da tata kwalbar a kan teburina, har hannun rigata. Ta fara kuka don kunya. Na ce, "Iya, kwantar da hankalinki, kullum sai an yi mini wannan wankan." Na goge, na ba ta sabuwa.

Da yamma Baba ya ce wa 'yarsa, "Yaron nan ba likita ba ne, ɗan cika baki ne. Amma ba shi da ƙyama, kuma zai iya da halinki."

Yanzu 'ya'yanmu sun tasa. Baba ya kamu da ciwon suga, ya zama ɗan gida a tagata, ba ya bin layi. Ya kuma gaya wa tsofaffin abokansa direbobi cewa surukinsa ne babba a wurin, ba sai sun wahala zuwa asibiti ba. Makon jiya ɗayansu ya kawo nasa fitsarin har gidanmu a kwalbar lemo. Ba na nan, autarmu ta karɓa ta yi godiya, ta sa a firij. Allah ya taimaka ni na riga kowa buɗewa.