Notina a kan buhu

Baba ya yi ƙuruciyarsa duk a kamfanin matsar man gyaɗa da ke bayan gari, shi ke kula da babban inji. 'Yan'uwansa 'yan kasuwa har yau "lebura" suke ce mashi. Wai a sahun sallah ma giris yake wari. Da aka rufe kamfanin, bai taɓa yarda an rufe ba. "Za a tayar," haka yake cewa, shekara da shekaru.

Ni tun aji biyu na sakandare na bar makaranta. Na yi acaɓa, na yi tallan cajar waya a Ƙofar Kwaya, babu wanda na zauna a kai. Bara na bi wani Alhaji mai sayen tsohon ƙarfe, sai ga mu a kamfanin Baba. Ya saye injinan, za mu farfasa. Ban faɗa a gida ba.

Babban injin ya gagare mu, kwana uku. Alhaji ya ce a nemo wanda ya san kansa. Na je na ce ma Baba ana son a kwance injinsa. Ban ce don me ba. Shi ma bai tambaya ba, ya dai ɗauko sifanarsa.

Da ya isa, sai da ya shafa injin, ya yi bismillah. Ya shimfiɗa buhu. Duk notin da ya kwance sai ya goge shi, ya ɗiga mashi mai, ya jera shi bayan na gabansa.

Wani abokin aikina ya ce, "Baba, wanga jeri hwa? Kayan lefe ne?"

"Kar ka taɓa mani. In an zo mayarwa, da na ƙarshe ake farawa."

Aka kwashe da dariya. Alhaji ya ce, "Malam, mayarwa ina? Kilo za mu auna." Ya sa aka naɗe buhun aka jefa kan sikeli.

Baba ya dube ni. "Ka sani?"

Na ce na sani.

Ya ƙarasa kwancewar, don bai iya barin aiki rabi. Sannan ya tafi gida a ƙasa, ya ƙi hawa mashin ɗina. Washegari na koma, muka yanka injin da wuta. Tun ranar, in na gaishe shi yana amsawa, iyakarta ke nan.