Tukunyar Ganyen Fiya a Bayan Gidana

Shekarar da likita ya ce ƙodar Baba ta fara gajiya, na ɗauko shi daga ƙauyenmu da ke bayan Kachia na kawo shi gidana a Kafanchan, don ya zauna kusa da asibiti. Manomin citta ne, bai saba da zama ba. Sai ga shi a kujerar roba a baranda, ƙafafu a kumbure, an hana shi gishiri da magi, an haɗa shi da ƙwayoyin hawan jini. Likitan ya ce hawan jinin ne ke cin ƙodar, in bai sauka ba, sai an kai ga wankin ƙoda.

Tun daga ranar na rasa natsuwa. Ina koyarwa a firamare, amma hannuna na kan allo, hankalina na gida. Na sayi injin awon jini. In auna shi da safe, da an tashi tara in hau acaɓa in zo in sake aunawa, in koma aji da gudu. Har ya kai in ya ji ƙarar mashin a ƙofa sai ya tura hannu cikin riga.

Jinin ya ƙi sauka. Bayan sujada a coci matan zumunta suka tare ni, kowace da maganinta: wannan zogale, waccan tafarnuwa, wata kuma zoɓo ba sukari. Na yi ta dubawa a waya. Wani ya ce ganye na saukar da jini, wani ya ce yana ƙarasa ƙoda, na rasa wanda zan kama.

Ana haka Gwaggo, ƙanwar Baba, ta zo daga Gwantu da ƙunshin busasshen ganyen fiya. Ta ce shi mijinta ke sha, kuma ga shi nan garau. Na ce ta bari in tambayi likita tukuna. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Yayana ne tun kafin ya zama babanki." Ta ajiye ƙunshin a bayan kicin, ta tafi ko ruwa ba ta sha ba.

Bayan kamar mako biyu jinin ya fara sauka. Na yi murna har na ba da shaida a coci. Wata Alhamis aka tashe mu daga makaranta da wuri, na shigo ban same shi a baranda ba. Na zagaya baya, sai ga Baba a tsugune gaban murhu, yana hura wuta a ƙarƙashin ƙaramar tukunya, yana rera waƙar coci a hankali. Ruwan ya yi ja, ganyen na juyawa a ciki. Tun zuwansa ban ga jikinsa da kuzari haka ba.

Na yi masa faɗa, abin da ban taɓa yi ba. Ya bari na gama, sannan ya ce, "'Yata, tun da na zo gidan nan kome yi mini ake yi. Wannan kaɗai na yi da hannuna."

Ban zubar da ruwan ganyen ba. Kwana uku ina kai da kawowa tsakanin ɗaki da kicin. In na tuna jinin ya sauka sai in ce a bar shi, in na dubi ƙafafunsa sai gabana ya faɗi. Ranar ganin likita na zuba ruwan a gora na tafi da shi.

Likitan bai yi faɗa ba, ya dai tura mu gwajin jini. Da sakamako ya fito ya ce wani irin gishiri ya taru a jinin Baba, wanda gajiyayyiyar ƙoda ba ta iya fitarwa, kuma yana iya taɓa zuciya. Ya ce ba zai rantse ba ko ganyen ne ya saukar da jinin ko sabuwar ƙwayar da ya canja masa a wannan tsakanin, amma babu mai sanin ƙarfin abin da ke cikin tukunya, don haka a daina. Ya juyo da kujerarsa ya maimaita wa Baba da kansa, a hankali.

Baba ya daina, ya ce ya riga ya ba likita kalmarsa. Mako guda gaisuwa kawai ke haɗa mu. Gwaggo kuwa ba ta sake ɗaukar wayata ba sai ranar Kirsimeti. Gwaji na gaba ya nuna gishirin ya ragu, jinin kuma yau sama, gobe ƙasa.

Da ruwan farko na damina ya sauka Baba ya ce gida zai koma. Na roƙe shi, fasto ma ya roƙe shi, ya ƙi. Muka shirya zai riƙa zuwa asibiti duk wata, wata nas a ƙaramin asibitin ƙauye kuma ta auna shi duk Laraba ta turo mini a waya. Haka muke yi har yanzu. Ranar Laraba ba na iya cin abinci sai saƙonta ya shigo.