Sifawa a Ƙarshen Sunana

A Mandera ta ƙaramar hukumar Shagari aka haife ni, amma ina shekara shida mahaifina ya kai ni Sifawa ta ƙasar Boɗinga wurin kawuna, malamin allo. Shi ya riƙe ni har na yi gemu. Shi ya kai ni firamare, inda hedimasta ya tarar mu huɗu ne a aji masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya. Bai wahalar da kansa ba, ya liƙa wa kowa sunan gari. Sauran ukun daga ƙauyukan kewaye suke zuwa, ni kuwa daga cikin gari, sai ya rubuta mini Sifawa. Sunan ya bi ni sakandare, ya bi ni kwalejin horon malamai, ya zauna daram a kan takardar shaidata.

Da aka fara ɗaukar malamai a Boɗinga na je da ƙarfin gwiwa. Suka duba takardata ta ɗan ƙasa, suka ga Shagari, suka ce in tafi gida in nema. Na koma noman gero shekara uku, takardar tana ƙasan akwati. Lokacin da Shagari suka buɗe nasu, shekaruna sun kai bakin iyakar da aka sa. In na rasa wannan karon, shi ke nan.

Na ci jarrabawa, aka kira mu tantancewa a ofishin ilimi. Tun hantsi muke kan benci ƙarƙashin dogon yaro, kowa rungume da fayil, ba a shigar da ni ba sai bayan azahar. Shugaban kwamitin, wani dattijo mai tabarau, ya jera takarduna a tebur, ya ɗora yatsa a kan sunana.

"Malam, Sifawa ƙasab Boɗinga ta. Mi kaz zo nema nan?"

"Ranka shi daɗe, ɗan Mandera nike. Karatu yak kai ni can. Ga takardar hakimi."

"Takarda biyu, gari biyu. Wacce za mu ɗauka?"

Raina ya ɓaci ƙwarai. Saura kaɗan in tambaye shi ko ni jemage ne, can a ce ba nasu ba, nan a ce ba nasu ba. Na haɗiye, don durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Dattijon ya ce in je kotu in yi rantsuwa in kawo takarda, ya ƙara da cewa ana kiran la'asar za su rufe sunaye.

Na tari kabu-kabu, ban ko yi ciniki ba. A bakin kotun akwai mai buga takardun rantsuwa a wata rumfa, ba wuta, sai ɗan janareto yana tari. Mutum biyu ne a gabana, ina ta duban inuwa tana tsawo. Da ya miƙo mini tawa, sai na karanta Turancin. Ya rubuta cewa ni ɗan Mandera ne, wannan gaskiya ne. Ya kuma rubuta cewa ba ni da wata alaƙa ko ta kusa ko ta nesa da Sifawa.

"Wanga layi ba daidai na ba," na ce masa. "Can nit tashi. Gyara min."

"Haka muka yi ma kowa," ya ce, yana nuna janareton da ya riga ya mutu. "Mai ya ƙare. In kana son sabuwa, ka dawo gobe."

Gobe ba ta da amfani a wurina. Na shiga ciki. Jami'in rantsuwa ya tambaye ni ko ina da alwala, na ce ina da ita. Ya miƙo Alƙur'ani. Na san hukuncin abin da zan yi, don kawuna ya karantar da ni shi baƙi da fassara. Na ɗora hannu na ce duk abin da ke cikin takardar gaskiya ne, aka buga hatimi.

Na iso ofishin ilimi ladan yana gwada lasifika, sakatare yana ɗaure fayiloli. Dattijon ya karanta, ya gyaɗa kai, ya rubuta sunana a ƙasan jerin. Na fito, amma ban ji daɗin da na zaci zan ji ba.

Bayan wata guda takardar kama aiki ta fito, an tura ni firamaren Horo Birni. Na kai ta Sifawa. Kawu yana zaure, ya karɓe ta da hannu biyu ya sa albarka, sannan ya tambaye ni yadda aka warware maganar sunan. Na kasa yi masa ƙarya, na faɗa masa duka, har layin.

"Bisa Alƙur'ani?"

"E, Kawu."

Na miƙe zan yi sallama, kunya ta hana ni haɗa ido da shi.

"Zamna ka ci tuwo," ya ce. "Ko baƙo muna ba shi."